Daga Samaru zuwa PZ: minti nawa gosulo ke cinye muku?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina. Ya rantse awa guda yake yi kullum daga Samaru zuwa PZ a nan Zariya, ni kuwa na ce haushi ne ke tsawaita masa hanya. Da aka ce kowa ya kawo hujja, sai muka tarar ba wanda ya taɓa duba agogo a cikinmu. Shi ne na sa kaina aiki. Daga Litinin zuwa Juma'a, da bas ta tashi daga bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sai in rubuta lokaci, in sake rubutawa a Palladan, da Kwangila, da PZ. Ranar Asabar kuma na fita bayan sallar asuba don in ga yadda hanyar take in babu kowa, na yi minti 18. A ranakun aiki, wajen bakwai da rabi na safe, na samu 29, 34, 31, 47 da 33. Daga Samaru zuwa Palladan kusan kullum lokaci ɗaya ne, asarar duk a ƙarƙashin gadar Kwangila take, sai kuma mashigar PZ. Duk mai bin hanyar nan ya faɗa mana nasa, amma don Allah da lissafi, ban da "wallahi mun daɗe".

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni kishiyar hanyarka nake bi, daga Tudun Wada zuwa asibitin Shika. Abin da ya ja hankalina a lissafinka shi ne 47 ɗin nan ta ranar Alhamis. Ita ce ke mulkin rayuwata, ba sauran huɗun ba. Idan zan karɓi aikin safe, wadda ta kwana tana duba marasa lafiya ba za ta tafi ba sai na iso, ita ma tana da yara masu shirin makaranta. Tunda ban san wace rana ce za ta ɓaci ba, dole kullum in fito kamar yau ce ranar. Sau da yawa sai in isa da sauran rabin awa, in zauna ina hamma. Wannan rabin awar ba za ka gan ta a takardarka ba Malam, amma daga barcina aka yanko ta. Da za a ce mini kullum minti 40 ne cif, wallahi da na fi so a kan yau 25 gobe 50.

Direban Bas:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma agogonka ya yi mana rowa. Ka fara ƙirga daga tashin mota, ina zaman da ka yi kafin ta cika? Da hantsi, idan ɗalibai sun shige aji, sai in yi minti 20 yarona yana ta kiran "PZ, Sabo" ba a cika ba. A lokacin hanya fayau take, amma fasinja bai isa da wuri ba.

Maganar Kwangila kuwa, na san mu za a zaga, to a zage mu da adalci. Titin Kaduna zuwa Kano ne ya bi ta sama, na Sakkwato ya bi ta ƙasa. Wanda ya sauko daga Kano zai tafi Funtuwa ko Gusau nan zai tsaya, mai zuwa Kaduna nan zai nemi mota. Fasinja ba ya son taka ƙafarsa zuwa cikin tasha, a bakin kwalta yake ɗaga hannu. In ban tsaya ba na bayana zai tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kujera ɗaya da ba kowa a kai ciwo ce a gare ni. Ni ma gosulon nan mai yake ƙona mini ina tsaye, ba daɗinsa nake ji ba.

Malamin Firamare:
Gaskiyarka direba, na karɓi gyara. Daga gobe zan fara ƙirga tun daga sa'ad da na tsaya a bakin titi.

Ɗalibar Injiniya:
Baba Malam, abin da ka yi shi ne ainihin abin da ake koya mana, ba ka dai sa masa suna ba ne. Ana auna tafiya lokacin da hanya take sake, a auna lokacin cunkoso, bambancin shi ne jinkirin. In ka ɗauki 33, wadda ita ce ta tsakiya a lissafinka na ranakun aiki, ka raba da 18 ta ranar Asabar, za ka samu kusan 1.8, wato tafiyar ta kusa ninkawa. Abin da ya rage shi ne ƙirga ababen hawa. Mun taɓa yi a matsayin aikin aji: mutum biyu a kowane hannu, ana jan layi a takarda, kowane minti 15 a buɗe sabon shafi, kowane irin abin hawa da gidansa. Ba a haɗa su kai ɗaya, don tirela guda tana cin wurin ƙananan motoci kamar uku, babur kuwa bai kai mota ɗaya ba.

Ni aka ba ƙirgar babura, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Littattafanmu sun ɗauka kowa yana bin layinsa, a nan kuwa ɗan acaba ta gefen kwata zai ɓullo, ya ratsa tsakanin Keke biyu. Abin da na gani da idona shi ne, titi mai hannu biyu in an yi lodi a ɗaya, ya koma mai hannu ɗaya, komai faɗin kwaltarsa. Kuma layin da ya taru cikin minti 5 ba ya watsewa cikin minti 5, don na baya suna ta ƙaruwa. A Zariyar nan fa cibiyar NITT take, a hanyar Basawa, tun 1986, aikinta ke nan nazarin sufuri. Ina ganin in muka tara lissafin wata guda mai tsafta, ba za mu ji kunyar nuna shi ga masana ba.

Ɗan Acaba:
Ranki ya daɗe injiniya, ashe ke ce ranar nan kike ta bin mu da ido kina rubutu, mun ɗauka 'yan haraji ne. Ni gosulo kasuwata ce, ba zan ɓoye ba. Da an cushe sai ka ga mai jarrabawa a harabar ABU ta Kongo ya diro daga bas yana ƙwala mini kira. Amma akwai ranar da na bi hannun da ba nawa ba don in kauce wa layi, na yi kiciɓis da Keke, muka toshe ɗan wurin da ya rage. Sai da aka fi minti 10 ana warware mu, ana ta yi mana Allah ya isa. Malam, duba takardarka da kyau, kar dai ranar Alhamis ce.

Dattijon Birni:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ku riƙa tunawa garin nan ba don mota aka gina shi ba. Birni yana cikin ganuwa, shigarsa ta ƙofofi ce, Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da sauransu, lungunansa kuwa na doki da jaki ne. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi bayan layin dogo ya iso wajen 1911, PZ ɗin da kuke faɗa ma sunan kantin Turawa ne, Paterson Zochonis. Sannan aka kafa jami'a a Samaru a 1962, can nesa da gari. Sai ya zama gidaje a nan, kasuwa a can, karatu da babban asibiti a wani gefen, ga rafin Kubanni a tsakani, kowa kuma sai ya bi ta 'yan mashigai ƙalilan. Lokacin da nake zuwa aiki a kan keken hawa, ba na duba agogo, inuwar bishiyoyin hanya nake dubawa. Yanzu jikana ke kai ni asibiti, in likita ya ce ƙarfe tara, muna idar da asuba muke kama hanya. In za ku auna, ku ware Juma'a daban. Daga sha biyu da rabi zuwa saukowa daga masallaci wata duniya ce.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba ya faɗi gaskiya. Ku ƙara da azumi. Shagona yana kasuwar Sabon Gari, gidana yana Gyallesu, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Amma a goman ƙarshe na bara sau uku ina buɗe baki a cikin Keke kafin mu haye gadar Kubanni, har na koyi ajiye dabino a jaka. Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, ba sai an faɗa mana ba. Motar kaya in ta zo da rana a bakin titi take sauke mana diloli, masu tebur kuma kullum suna ƙara matsowa kan kwalta taku ɗaya.

Mai Gyaran Waya:
Ni Google Maps nake buɗewa kafin in fito. Wayoyin mutanen da ke kan hanya yake bi, in suna tafiya a hankali sai ya shafa wa wurin ja. Yana taimakawa, sai dai bai san zaman jiran lodi ba, kuma ya taɓa nuna mini kore na iso na tarar tanka ta lalace a tsakiyar titi.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai. Ga yadda za mu yi daga Litinin: lokacin tsayawa a bakin titi, lokacin tashin mota, lokacin wuce Kwangila, lokacin sauka, sai abin da ka gani ya tare hanya in akwai. Hajiya ta riƙe mana PZ zuwa Tudun Wada, 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta riƙe Shika, 'yata injiniya ta haɗa lissafin. Muna neman wanda ke bin Ɗan Magaji zuwa Ƙofar Doka. Ɗan acaba kuma na duba, Alhamis ɗin nan tirela ce ta maƙale wajen juyawa, ba kai ba ne.