Neman shawara: an turo ni koyarwa, ban taɓa riƙe alli ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama lisans a fannin sinadarai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, aka turo ni bautar ƙasa wani kolej wajen Madarunfa. Ban taɓa samun horon koyarwa ba, ga shi an damƙa mini 'yan ajin da za su zauna BEPC, jarrabawar kammala kolej. Karatun na san shi, amma in na juyo daga allo sai in ga yara sun yi mini zuru. Abin na hana ni barci, 'ya'yan mutane ne. Ina mai bautar ƙasa ke samun horo? Kuma in haɗa da mastar cikin shekara 2 ɗin nan?

Wani tsohon malami, Tasawa:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka zauna jiran a kira ka horo. Je ka inspeksiyon, ofishin masu duba makarantu, ka nemi konseye, mai ba malamai shawara, na fanninka, aikinsa ke nan, ka roƙe shi ya zo ajinka ya ga darasi ɗaya. Ka shiga taron UP na malamai masu fanni guda, can ake raba karatun shekara, a shirya darasi tare. Abin da ya fi duka, nemi izinin wanda ya daɗe a makarantar ka zauna bencin baya. Dubi yadda yake raba allo, ɓangare ɗaya ba ya goge shi har a tashi. Dubi yadda yake jefa tambaya ya yi shiru, sai na baya sun ɗaga hannu. Ku sabbi ba ku jure wannan shirun, kuna amsa wa kanku.

Wata malama, Maraɗi:
Ƙanena, bar mastar bana. Ɗan abin da ake ba ku zai ƙare a kuɗin mota, ajin jarrabawa kuma ba ya son mai zuwa yau ya fasa gobe. In koyarwar ta kwanta maka, ENS ta Yamai, makarantar horon malamai, za ka nufa daga baya.

Wani da ya gama tasa bautar ƙasar:
Yaya, ni ban ce ya bari ɗungurungum ba. Ya ga malaman sashensu tun yanzu ya ji sharuɗɗan rajista. Abokina, ka adana takardar kama aiki da ta kammalawa, da ta duk horon da ka halarta, ka yi musu fotokofi. Ranar haɗa takardun neman aikin gwamnati za ka buƙace su.