Tantin bayan a-kori-kura: wane iri ya dace da Hilux mai ƙofa huɗu?

Mai Hilux: Jama'a sannunku. Me ake dubawa kafin a sayi tantin da ake kafawa a bayan mota?

Bakanike: Malam, fara da awo. Rufe ƙofar bayan bodin, ka auna tsawonsa daga ciki. Na mai ƙofa huɗu kusan mita 1.5 ne, bai ishi babba miƙewa ba, saboda haka nemi tantin da ke rufe har ƙofar bayan idan an kwantar da ita. Wanda ya yi wa bodin yawa lotsawa yake, ruwa ya taru a kansa. Madauran kuma a ja su daidai dama da hagu, a sa tsumma a ƙarƙashin ƙugiyoyin don kada su kankare fenti.

Ɗan Daji: Ƙari a kai, sayi mai rufin kare ruwan sama daban da tagogin raga. Ka bar taga ɗaya a buɗe ko da sanyi, in ba haka ba numfashi zai jiƙa cikin tantin kafin asuba. Katifar gida ba ta zama saboda tudun tayoyi.

Bakanike: Don Allah kada a kunna inji ana ciki. Hayaƙin salansa yana kisa.