Saurin fushi da kumburin ciki kafin al'ada: mene ne mafita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Mace ce duk wata, kamar saura kwana bakwai al'ada ta zo, nono ya yi mata nauyi da tsami, ciki ya kumbura, abu kaɗan sai fushi da kuka. Jini na zuwa sai komai ya lafa. Cuta ce ko kuwa? Kuma me ake sha?

Ungozoma: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da kika zayyana shi likitoci ke kira PMS. Bayan mace ta saki ƙwai, wajen kwana 14 kafin jini, sinadarin furojestaron, wanda jikin mace ke samarwa, yakan hau sannan ya faɗi. Yawanci sinadarin bai fi na kowace mace yawa ba, ƙwaƙwalwar wasu ce ke jin wannan hawa da saukar fiye da ta wasu. Shi ya sa gwajin jini ba ya nuna shi.

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya, ta sami littafi. Kowane dare ta rubuta kwanan wata, ta ba kowace alama maki daga 0 zuwa 3, ta sa alama a ranakun jini. Wata biyu cur. Idan PMS ne, alamun za su taru kafin al'ada, su gushe cikin kwana huɗu da fara jini, a samu aƙalla mako guda tas. In kuwa kasalar da ɓacin ran ba sa ɗaga ƙafa duk wata, a duba ƙarancin jini, cutar maƙoƙo ko ciwon damuwa.

Malamar Abinci: Kumburin ruwa ne jiki ke riƙewa, gishiri kuma ke ƙara shi. Mata kan rage gishiri su bar dunƙule uku a miya, alhali shi ma gishiri ne. Jiƙon kanwa da ake sha don ciwon mara ma haka, cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, don Allah a bar ta. Goro, kofi da shayi mai kauri a rage su a makon, suna hana barci.

A ɓangaren abinci, abin da ya fi samun shaida shi ne kalsiyam, miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da wajen 300, a haɗa da riɗi, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin bambanci, a nan da yawa ke sarewa. Tafiya da sauri minti 30 a mafi yawan ranakun mako ita ma tana taimakawa.

Mai Harhaɗa Magani: Ga ciwon nono, kai da mara, ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, kowace awa takwas, na kwanakin ciwon kawai. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko mai zargin juna biyu kada ta sha, ta nemi farasitamol. Kada a haɗa shi da diclofenac, aikinsu ɗaya, sai dai su ci ciki. Bitamin B6 kada ya wuce miligiram 100 a rana. Yawansa na lalata jijiya, tafin ƙafa da yatsu su riƙa dindiris. Tramadol ba shi da hurumi a nan ko kaɗan.

Likitar Mata: Hajiya, akwai mai tsanani da ake kira PMDD, inda fushin da baƙin cikin ke taɓa aure ko aiki. Wannan ba a ce wa mai shi ta yi haƙuri kawai, yana da magani. Ana ba da maganin ciwon damuwa, fluoxetine miligiram 20 ko sertraline 50, ko dai kullum, ko daga kwana 14 kafin al'ada zuwa ranar da jini ya zo, domin a wannan larurar suna fara aiki cikin kwanaki. Likita ne zai rubuta, ba na kemis ba ne. Akwai kuma ƙwayar tazarar haihuwa mai drospirenone, amma ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido.

Idan tunanin kashe kai ya zo, ko aka ji ƙullutu a nono ɗaya wanda bai baje bayan al'ada ba, a je asibiti nan take, kada a tsaya cika littafi.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Littafin daga wace rana za a fara?

Ungozoma: Daga daren yau. In an je wurin likita a tafi da shi.