Hoton da na saka a labari ashe tsoho ne, mi za ni yi?

Ɗan Birnin Kebbi:
Salama alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shafin labarai a Facebook, wayata ce kayan aikina duka, kuma na lura in labari babu hoto ko mutum goma ba su buɗe shi. Satin da ya wuce anka turo min hoton gonar shinkafa ruwa ya shanye ta a wani guruf na WhatsApp, na ɗora, sai wani ya zo ya ce hoton na ambaliyar 2020 ne, wallahi kunya kamar in nutse. Ya kuke tantancewa don Allah?

Na Argungu:
Wa alaikumus salam. Kafin ka ɗora, saka hoton a Google Lens, wato manhajar Google mai binciken hoto, zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Mu nan kullum hotunan tsohon bikin kamun kifi na kogin Matan Fada yawo suke, kowa na cewa na bana ne. Kuma ka ce wa mai turowa ya turo a matsayin dokumen, don WhatsApp matse hoto yake, yana goge bayanan rana da lokacin da anka ɗauka.

'Yar Gusau:
Ƙanena tsohon hoto da sauƙi, ka goge ka ba da haƙuri an wuce wurin. Mu nan Zamfara abin tsoro fuska ce. Ka je ƙauye tsohuwa ta zauna bakin danga tana ba ka labarin yadda anka kwashe musu shanu, ka ɗauke ta tar ka watsa, kai ka dawo gari ka kwanta ita tana can, kuma mutanen dajin nan suna da waya, har TikTok suke shiga. Ɗauki hannunta, ko rumbun da anka ƙone, ko ta baya. Hoton gawa kuwa ni ban ga amfaninsa ba sam.

Malamin Jega:
Hajiya ta gama magana. Bidiyo kuma kar ya yi tsawo, data ta yi tsada. Rana ta kasance bayanka, ka matso kusa saboda murya, iskar hunturu ɓata sauti take.

Ɗan Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Hajiya to in tsohuwar da kanta ta ce in nuna fuskar fa?

'Yar Gusau:
Ko ta ce, rufe. Ba ta san iya inda bidiyon zai kai ba, kai ka sani.