Wa aka taɓa yi wa sikanin cinya saboda ciwon gwiwa?

Maman Tagwaye: Jama'a, barkanmu. Shekara 4 ke nan gwiwata ta dama tana damuna, hoton ƙashi ya nuna guringuntsin ya zaizaye. Makon jiya likita ya tura ni sikanin cinya. Na ce masa, likita, gwiwa ce fa ke ciwo, ina ruwan cinya? Ya ce in je tukuna. Wanda aka yi wa, don Allah ya ba mu labari.

Malam Dogo: Hajiya, an yi mini bara. Irin na'urar duba masu ciki ce, ba allura, ba zafi. Kwantar da ni aka yi rigingine, mai aikin ya auna tazarar da ke tsakanin ƙashin ƙugu da ƙoƙon gwiwa, ya yi alama da biro, ya shafa man nan mai sanyi, ya ɗora. Sai ya juyo mini da allon. Tsokar ƙafata mai lafiya ta fito duhu-duhu da siraran fararen layuka. Ta mai ciwon kuwa ta yi fari, kamar an barbaɗa mata toka. Ya ce kitse ne da tauraren zare suka kutsa cikin naman, su ne ke mayar da sautin na'urar da ƙarfi, shi ya sa ake ganin haske. Abin da ya ɗaure mini kai, da tef aka auna cinyoyin biyu, kusan kaurinsu ɗaya. Ashe daga waje ne kawai.

Anti Mai Sanda: Haka nawa. Tsokar gaban cinya huɗu ce, su ke miƙe gwiwa, su ke tare nauyi in kina sauka daga bene. Tawa da ta fi ramewa ita ce ta gefen ciki, dab da saman gwiwa. Likitar motsa jiki ta ce idan gwiwa ta kumbura, jiki da kansa ke rage wa tsokar ƙarfi, ke kuma kina kaffa-kaffa da ƙafar, sai ta ƙara lalacewa.

Baban Yara: Ni dai ina da ja. Sau biyu aka yi mini cikin wata ɗaya, mutum biyu daban, sakamakon bai zo ɗaya ba. Na biyun ya danna na'urar har sai da na ji, kuma in an danna, naman yana baje wa, kaurin ya ragu. Ɗan karkata hannu ma yana canza hasken. Ga ni da jiki, kitsen ƙarƙashin fata shi ma yana taɓa hoton. In za ki maimaita, ki nemi hannu ɗaya, na'ura ɗaya, wuri ɗaya.

Malam Dogo: Gaskiyarka, Baba. Ni bayan wata 3 ina atisaye aka sake dubawa, farin nan yana nan kusan yadda yake, raina ya ɓaci. Amma tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, da sau 7 nake yi, ranar na yi 12 ba tare da na dafa ba. Aka ce ƙarfi kan riga hoto dawowa.

Maman Tagwaye: Na gode ƙwarai. Anti, atisayen da aka ba ki, da ciwon kike yi ko sai kumburin ya saɓe? Nawa da safe ya fi tsanani.