Muhawara: Wai littattafan yanzu duk shara ne?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina mutum zai samu littafin Hausa mai daɗi, wanda zai ɗauka bayan isha'i ya karanta ya huta? Wallahi na gaji. Ka shiga Wattpad, ka buɗe wannan ka rufe, ka buɗe wancan, labarin dai ɗaya ne: ɗan gidan minista a baƙar mota, yarinya mai tallan awara, ya watsa mata ruwan kwata, ta zage shi, shafi na gaba ya kamu da sonta. Kana cikin karatu sai a ce shafukan kyauta sun ƙare, turo ɗari biyar. Littattafan yanzu duk shara ne. A ba ni shawara.

'Yar Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, shara fa ka ce? Ka san yadda ake rubutun nan kuwa? Sai na sallami maigida, na kwantar da yara, sannan in jingina da bango ina danna waya da babban yatsa har idona ya yi ja, ga babu wuta, cajin na neman ƙarewa. Da asuba masu karatu sun cika ni da "Anti ina ci gaba?" Wannan wahalar ce shara? Ka janye kalmarka.

Bakatsiniya: Ya janye kam. Ko ba ka son abu ai akwai lafazi.

Ɗan Gusau: Hajiya, ni ban kama sunan kowa ba.

'Yar Fagge: Ka ce "duk". Ina cikin duk.

Malamin Hausa: A yi haƙuri in sa baki. Kalmar ta yi nauyi, amma yaron nan bai yi ƙarya ba. A 1933 aka yi gasar rubutu a Zariya ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Har yau ana karanta su a makarantu. Me ya sa? An zauna an tace su, edita ya bi su layi-layi. Yanzu kuwa a rubuta da dare a watsa da safe, babu aya babu waƙafi, rabi Hausa rabi Turanci, ƙ da k duk ɗaya. Labarin ma daga finafinan Indiya ake kwaso shi.

'Yar Fagge: Allah gafarta Malam, da girmanka. To Magana Jari Ce fa? Ku malamai ku kuke koyar da cewa Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya ya sa musu rigar Hausa. Shi in ya yi gwaninta ce, mu in mun yi sata ce?

Malamin Hausa: 'Yata, akwai bambanci tsakanin wanda ya ari zance ya mayar da shi namu da wanda ya kwafo har da rawa a cikin ruwan sama.

Bakatsiniya: Dama ku 'yan Zariya ba ku taɓa ƙaunar rubutun Kano ba. Tun fil azal. Ku kuka laƙa masa "Adabin Kasuwar Kano" don raini.

Malamin Hausa: Ibrahim Malumfashi ne ya yi fice da wannan suna, ba mutanen Zariya ba. Ki duba sunan garin da ke jikin sunansa, daga jiharku yake.

Bakatsiniya: Ko ma daga ina yake, Abdalla Uba Adamu ya ba shi amsa a jarida tun tuni. Kuma kar a jawo Katsina cikin maganar nan.

Tsohon Mai Shagon Haya: Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Na yi shekaru ina ba da hayar littafi. Littafi kashi uku yake fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku. Bangon sai na manne shi da salatif tun yana sabo, don hannun da zai bi ba kaɗan ba ne. Matan aure yara suke aikowa, da 'yar takarda a hannu an rubuta sunan littafin, a dawo min da shi da tabon manja a gefen shafi, wani lokaci an yage shafin ƙarshe sai an zo ana rigima. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, layi ake yi masa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, har Turanci aka fassara shi a Indiya. Su ma a lokacin shara ake ce musu. Mata da yawa a unguwarmu da waɗannan littattafan karatunsu na boko ya zauna, ba da na makaranta ba.

'Yar Fagge: Allah ya saka da alheri, Baba. Kuma a tuna 2007, zamanin Shekarau, da aka tara littattafanmu a makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta. Da irin wannan kalmar ake farawa. Yau a ce shara, gobe a kawo ashana.

Ɗan Gusau: Subhanallahi! Ni da na zo neman abin karantawa, ni ne zan ƙona littafi?

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar matsalarmu daban. Ɗari biyar ɗin ma ta ina za mu tura? Ba mu da asusun bankin Najeriya. Sai dai wani ya saya ya turo mana a WhatsApp.

'Yar Fagge: Ka ji ko! Ashe ku ne masu fitar mana da littafi waje. Mutum ɗaya ya biya, mutum dubu su karanta. Ban yafe ba wallahi.

Ɗan Damagaram: Haba Anti, Allah ya isa a kan labari? Ai ke ma a shagon haya kika fara karatu, marubucin bai ga ko sisi daga kuɗin hayar ba.

Tsohon Mai Shagon Haya: Kai yaro, ni da kuɗina nake saro littafi. Kar ka haɗa ni da ɓarayin waya.

Ɗan Damagaram: Baba, ɓarawo ka kira ni?

Malamin Hausa: Ku duba yadda ake rubuta saƙonni a waya ma, "zan je" a haɗe, "ba na" a haɗe. Abin da nake faɗa ke nan.

Bakatsiniya: Malam, nan ba aji ba ne.

Shugabar Zaure: Ya isa haka, na rufe sharhi. Ga abin da aka tattauna ga waɗanda ba su nan. Wani ɗan'uwa ya zagi marubuta mata, ya kira guminsu shara, kuma har yanzu bai ba da haƙuri ba. 'Yar'uwarmu ta ba shi amsa da hujjoji, Baba mai shago ya tabbatar da maganarta da abin da ya gani. Malam ya kawo tarihi, mun gode, amma an nuna masa cewa na da ma aro suka yi. Ni kaina da littattafan Bilkisu Funtuwa na tashi, kuma ba zan zuba ido a ci mutuncin masu yi mana rubutu a zauren nan ba. Daga yau duk wanda ya turo littafin kuɗi ba da izinin mai shi ba, zan cire shi. Ɗan Gusau, ina jiran ban haƙurinka kafin Juma'a.