Uwa na Kwance, Ɗa na Tsaye: Musayar Baitoci Kan Lambar x

Autar Gida

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau aka raba mana takardun gwajin lissafi, na tashi da 4 cikin 10. Tambaya biyu ce ta kayar da ni. An ce in sa ɗigo a (3, 5) a kan giraf, wato takarda mai gida-gida inda layin x ke kwance, na y kuma a tsaye, ashe a (5, 3) na sa shi. Aka ce in zana layin x = 3, na shimfiɗa shi kwance. Tunda a zauren nan ba a kawo kuka sai da baiti, ga nawa:

Da sunan Allah nake farawa,
Ya ɗaga sama, ya bar ƙasa kwance.

Salati ga Manzo, sannan kukana,
Malamai ku ji ni, kada ku kauce.

Uku da biyar aka ba ni a baka biyu,
Waƙafi tsakani, haka yake a rubuce.

Na hau uku sama, na tafi biyar dama,
Jan biro ya ce, yarinya kin mance.

Sai aka ce in zana x daidai da uku,
Na ce wannan kam ba ya son dogon zance.

Tunda layin x a shimfiɗe yake kamar tabarma,
Na ja nawa ma, na bar shi a kwance.

Malam ya zagaye shi har sau biyu,
Ya rubuta "a tsaye", na kusa in zauce.

To ina dalili? Uwa tana kwance,
Ɗanta a tsaye? Ku zo ku tantance.

Tsohon Malamin Lissafi

Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 31 na yi da alli a hannu, kuma babu shekarar da ban tsinci wannan kuskure a takardun yara ba, har da na masu ƙoƙarin ajin. Ki riƙe cewa lambar farko a cikin baka ita ce x, ta biyu kuma y. Bari in amsa miki da ƙafiyarki.

'Yata share hawaye ki saurara,
Huɗu cikin goma ba ta kashe zance.

Layi biyu ne suka gitta juna,
Ɗaya a tsaye, ɗayan a kwance.

Inda suka haɗu, nan ne sifili,
Daga nan ake tashi, kada ki mance.

Lambar farko tafiyar ƙasa ce,
Dama ko hagu, ba hawa ba ce.

Sai kin yi taku uku zuwa dama,
Sannan ki hau biyar, ga ɗigo ya dace.

Wa ya taɓa hawa dabino daga nesa?
Sai an je gindinsa hawa ya kasance.

In kin ga mainos gaban lambar farko,
Hagu za ki nufa, daga dama ki kauce.

Tambaya guda x yake amsawa:
Taku nawa daga layin tsaye? Ita ce.

Wannan ta farkon ke nan. Ta biyun ta fi daɗi, amma an aiko ni sayen maganin hawan jini, wani ya riƙe mini alli kafin in dawo.

Ladanin Unguwa

Malam, a sauka lafiya. Ni aji huɗu na firamare na tsaya, amma da na karanta kukan yarinyar nan sai na ga ai abin da nake fama da shi ne sau biyar kullum. 'Yar nan, ranar Idi ki ɗaga kai ki dubi sahun maza.

Ni ban riƙe alli ba, ban riƙe biro,
Sai dai kullum ina tsayar da taro,
Sahu-sahu, babba da yaro,
In ce a daidaita, a cike ta dama.

Ki dubi mutumin da ke bayan liman,
Ki kira shi sifili, ki fara daga nan,
Na kusa da shi ɗaya, biyu na can,
Na uku ki riƙe shi, ki sa masa alama.

To koma sahu na biyu ki ƙirga,
Na uku a dama, mai farar riga,
Sahu na uku ma haka za ki shiga,
Har sahun baya na masu latti ma.

Duk na ukun nan in kin dube su,
Ƙeyar juna suke kallo dukkansu,
Babu kafaɗa da kafaɗa tsakaninsu,
Sun ratsa sahu kamar tsani mai hawa sama.

Sahunsu daban-daban, y ke nan,
Gurbinsu guda, na uku, x ke nan,
Shi ya sa layin ya miƙe, 'yar nan,
Ko da uwarsa na kwance a tabarma.

Autar Gida

Wayyo, Baba Ladan! Mako biyu ina kallon allo ban ga abin nan ba.

Baba Ladan, Allah ya ƙara girma,
Ka buɗe ƙofar da nake ta fama.
Ashe x = 3 ba ya ce in bi layin x ba ne,
Cewa ya yi in tsaya a uku ta dama,
In hau, in sauka yadda na ga dama,
Muddin ƙafata ba ta bar alama.

Sarkin Dara na Bakin Kasuwa

Ku dakata, kada a shafa fatiha ban sa baki ba. Malam, in ka dawo daga kemis ina da ƙorafi.

Gurbi talatin muke haƙawa a ƙasa,
Biyar sau shida, filin dara.

In na ce wa yaro jeri na biyu, gurbi na huɗu,
Ya gane, ba ya neman a gyara.

In na juya, gurbi na huɗu, jeri na biyu,
Nan dai zai sa, babu asara.

To wane sarki ya yanke hukunci
Cewa lallai da x za a fara?

Yarinya ta san uku, ta san biyar,
An zabge mata maki, wannan ai ƙwara.

Tsohon Malamin Lissafi

Na dawo. Ladan, da na san da kai tun ina koyarwa da na riƙa gayyato ka aji, misalinka ya fi nawa na dabino. Sarkin Dara kuma, ga taka:

Sarkin Dara, tambayarka ta masu hankali ce,
Sai dai amsar a bakinka ta fara.

Kana faɗin jeri, kana faɗin gurbi,
Sunan ne ke yi wa yaro jagora.

Cire sunayen, ce masa "biyu, huɗu" kawai,
Zai tsaya ne ya bi ka da harara.

Cikin baka biyu lamba tsirara take,
Matsayinta kaɗai ne riga da sutura.

Yarjejeniya ce, ba wahayi ba ne,
Kamar bin dama a titi daga Legas har Daura.

In kowa ya bi son ransa a nan,
Taswirar magini ta zama shara.

Mu da muka girma mun tuna kafin 1972 hagu ake bi a titunan Najeriya, aka wayi gari aka koma dama. Hagun ba haramun ba ce, amma je ka bi ta yau ka gani.

Tunda kuma ka tambayi sarkin da ya yanke hukunci, ba sarki ba ne. Wani Bafaranshe ne, René Descartes, mu a aji Dekat muke cewa, an haife shi a 1596, ya mutu a 1650. A 1637 ya fitar da rubutun da ya ɗaura auren aljabara da ilimin siffofi, ya nuna ana iya kama layi ko da'ira da lissafin haruffa. Shi ne ma ya yayata sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba. Ɗan ƙasarsu Pierre de Fermat, wanda aikin shari'a ne sana'arsa, ya kai ga irin wannan tunani a zamani guda, kowa da hanyarsa. Layi biyu masu gittawa da mainos ɗinsu, kamar yadda suke a littafin Auta, na bayansu ne suka daidaita su. Akwai labarin da ake ba yara wai Dekat na kwance ya ga ƙuda na yawo a rufin ɗaki, daga nan dabarar ta faɗo masa. Na sha ba da shi ranar da aji ke gyangyaɗi, amma ba shi da isnadi.

Bakatsine

Malam, Faransa ka kai mu yawo,
Ka tsallake gida, ka manta Katsina.

Muhammadu al-Kashinawi namu ne,
Bafillace, masanin lissafi, mai suna.

A 1732 ya rubuta ƙa'idar hatimi,
Gida-gida, yadda za ka zana.

Gida tara, biyar a tsakiya,
Kwance, tsaye, karkace, sha biyar ce magana.

A Alƙahira ya rasu, 1741,
In ana batun kwance da tsaye, sai a tuna.

Tsohon Malamin Lissafi

Allah ya jiƙan Malam, na sara masa,
Amma hatimi daban, giraf daban, ɗan'uwana.

A hatimi lamba ce ke zaune cikin gida,
A giraf lamba ke nuna gidan da ɗigo ya kwana.

Kada son gida ya sa mu ara masa rigar wani,
Tasa ta ishe shi ado a Katsina.

Direban Tirela

Gaisuwa daga Tema ta ƙasar Gana, ina layin lodi a tashar jiragen ruwa tun jiya. Baba Malam, ka ce x ne kullum a gaba. Wayar da ke hannuna ba ta yarda ba.

Ni ma da giraf nake cin abinci,
Nawa a shimfiɗe yake a kan duniya.

Layin tsayenmu ya biyo ta Girinwic ta Landan,
Ya ratso Tema, inda nake lodin kaya.

A 1884 aka zauna a Washinton,
Aka ce daga shi za a fara ƙidaya.

Gabas da shi ƙari, yamma da shi mainos,
Kumasi na hagu, dama kuwa Najeriya.

Kano na takwas da rabi a gabas,
Sha biyu a arewa, wannan gaskiya.

To amma dubi yadda ake jera su,
Sha biyun ce a gaba a cikin waya.

Arewa tukuna, sannan gabas,
Wato y a gaba, x a baya.

Yaron motata ya taɓa juya su,
Ya ce Oga, taswira ta canza hanya.

Na duba, ga alama wajen Ganye ta Adamawa,
Alhali Kano muka nufa da tafiya.

Tsohon Malamin Lissafi

Direba, ka kama ni, ban musa ba. Masu taswira da matuƙan jirgin ruwa da arewa ko kudu suke farawa, sannan gabas ko yamma, wayarka kuma al'adarsu ta gada. Amma ka lura, ko an tura lambar gabas baya, aikinta bai sauya ba: ita ce dai ke faɗin nisanka da layin tsaye. Kuskuren yaronka da na Auta uwarsu ɗaya, sai dai nata maki ya ci, nasa da ka biye masa gas zai ci. Auta, a takardar WAEC x ne a gaba, kada direba ya ruɗa ki. Ga gwaji kafin magariba:

Na ɗaya, (−2, 0), ina ya sauka?
Na biyu, (0, 4), lambar x ɗinsa nawa ce?
Na uku, (7, 1) da (7, −6), in kin haɗa su da rula,
Layin a tsaye zai fito ko a kwance?

Autar Gida

Baba Malam, na ɗauko takardar giraf da fensir, ga abin da na samu:

Na ɗaya, taku biyu hagun sifili,
Bai hau ba, bai sauka ba, yana layin kwance.

Na biyu bai motsa dama ko hagu ba,
Sifili ce, a kan layin tsaye ya kasance.

Da yaren Baba Ladan, saitin liman yake,
A sahu na huɗu, in ban mance ba, haka ce.

Na uku, bakwai da bakwai, gurbinsu ɗaya,
A tsaye yake, x = 7 a rubuce.

Daga ɗaya zuwa mainos shida na ƙirga,
Tsawon ma bakwai, abin ya dace.

Ga wadda ba a tambaye ni ba, y = 5,
Sahu na biyar ne sukutum, shi ne a kwance.

Sarkin Dara na Bakin Kasuwa

Yarinya ta ci, na ba ta gari,
Amma ta zo bakin kasuwa mu buga dara.
In ta ce mini "huɗu, biyu" babu suna,
Ni dai inda na ga ci, nan zan fara.

Ladanin Unguwa

Madalla da 'yar nan. Sarkin Dara, kwashe 'ya'yan darar nan haka, saura minti biyar in kira. Jiya ma a sahu na tara na hango ka, can ƙarshen hagu wajen takalma.